Daga Birnin Zazzau Zuwa Ƙasar Sin Ba Tare Da An Bar Ɗaki Ba

 

Yau maganar jirgin sama za mu yi. Mutumin Zariya ba ya bukatar a kwatanta masa ƙaramin jirgi. Kowane yaro a Kwarbai ko Unguwar Juma ya san ƙarar waɗannan 'yan jirage da ke kewaya gari da hantsi, su yi wajen dutsen Kufena, su juyo, su sake kewayowa. Ɗalibai ne ke ciki da malamansu, daga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Palladan, a hanyar Samaru. An kafa wannan makaranta a 1964, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, wato ICAO. Matuƙa masu yawa da suka riƙe jiragen ƙasar nan a nan suka fara. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, a nan ta yi karatu, daga baya kuma ta dawo ta shugabanci makarantar.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wani babban kaso na koyon tuƙin jirgi ba a sama ake yinsa ba. A ƙasa ake yi, cikin ɗaki, a wata na'ura da ke kwaikwayon jirgi, wadda masu sana'ar ke kira simileta. To a yau wannan na'ura, ko in ce ƙanwarta, ta shigo cikin kwamfuta, har ma da wayar hannu. Akwai mutane a duniya da sha'awarsu ke nan: su zauna a gida su ɗauki jirgi daga wani gari, su bi da shi zango-zango har su ratsa nahiya guda. Irin wannan tafiya za mu yi tare da ku yanzu, daga Zariya har ƙasar Sin, mu ga abin da ke cikinta na ilimi, mu kuma ga inda take da iyaka.

Amma bari mu fara da asalin na'urar. Wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ne ya ƙera ta farko da ta yi suna, a 1929. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska, sai ya ɗauki zugazugan da ake sa musu ya haɗa wani akwati mai kujera a ciki, wanda ke karkata hagu da dama, ya duƙa ya ɗaga, gwargwadon yadda na ciki ya motsa sandar tuƙi. Da farko ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci, wuraren wasan yara ne ma suka fi saye. Sai a 1934, lokacin da aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa da dama suka halaka cikin 'yan makonni, domin ba su saba tuƙi cikin dare da gajimare ba. Nan hukuma ta tuna da akwatin Link ta sayi guda 6. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙa fiye da 500,000 sun koyi aiki a cikinsa.

Me ya kashe waɗancan matuƙa? Wannan tambaya ta shafe mu ƙwarai, mu da muke zaune a ƙasar hazo. A cikin kunnen ɗan'adam akwai wasu 'yan kafofi masu ruwa, su ke gaya wa mutum ko a tsaye yake ko ya karkata. Suna aiki daidai muddin ido yana ganin ƙasa. Idan jirgi ya shiga gajimare ko ƙura, ido ya daina ganin inda sama ta rabu da ƙasa, sai kunnen ya fara yi wa mai shi ƙarya. Jirgi yana kwance da fiffike ɗaya yana gangarawa, amma matuƙi ya rantse a miƙe yake tafiya. Maganin abin ɗaya ne: ya ƙi yarda da jikinsa, ya yarda da agogunan da ke gabansa. Akwai mai nuna gudun jirgi cikin iska, da mai nuna bisansa, da mai nuna ko ya karkata, da mai nuna ko hawa yake ko sauka, da kamfas. Ƙin yarda da jiki ba abu ne da ake koya da baki ba, sai an maimaita har ya zama ɗabi'a. Kuma ya fi kyau a maimaita a inda kuskure ba ya kisa.

Dattawanmu ba su manta da ranar 22 ga Janairun 1973 ba, lokacin da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Daga irin waɗannan musibu ne duniya ta tsaurara horon matuƙa. A yau matuƙin jirgin fasinja, komai daɗewarsa a aiki, sai ya koma simileta lokaci-lokaci, galibi duk bayan wata shida, a kashe masa inji ɗaya yana tsakiyar tashi, a cinna masa gobara, a rufe masa fili da hazo, a ga yadda zai yi. Babbar simileta ɗaki ce sukutum, an ɗora ta kan ƙafafu shida masu miƙewa da tanƙwashewa, cikinta kuwa ba ta da maraba da kan jirgi na gaske. Shekaru da yawa matuƙanmu sai sun fita waje ake yi musu wannan gwaji, da kuɗin waje. Shi ya sa aka kawo wa kwalejin Zariya irin wannan na'ura ta jirgin Boeing 737.

To ta gida fa? Mafi shahara ita ce Microsoft Flight Simulator, wadda ta fara fitowa a 1982. Fitowarta ta 2020 ta ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam na duniya baki ɗaya ta shimfiɗa su a ƙarƙashin jirgi, tana kuma iya ɗauko yanayin sama na ainihin ranar, ta yadda in ana ruwa a Mumbai yanzu, kai ma ruwa za ka tarar. Akwai X-Plane, akwai FlightGear wadda kyauta ce, akwai GeoFS da ake buɗewa kai tsaye a intanet, akwai kuma Infinite Flight ta waya. Sai dai in faɗa muku gaskiya, ta farkon nan tana son kwamfuta mai ƙarfi, da data mai yawa, da wuta tsayayya, abubuwa uku da ba kowane gida a birni ke da su ba. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi na kyauta. Hotonsu bai kai kyau ba, amma lissafin tafiya duk ɗaya ne.

Lissafin nan kuwa shi ne zuciyar al'amarin. Kafin a kunna inji, sai a ɗauko takarda da biro. Daga Kano zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari ke zuwa sarin kaya, kusan kilomita 11,000 ne in an ja layi a miƙe. Babban jirgi mai gudun kilomita 850 a awa zai ci wannan cikin awa goma sha uku. Amma mu ƙaramin jirgi za mu ɗauka mai farfela ɗaya, irin Cessna 172, wanda gudunsa bai wuce kilomita 220 a awa ba, tankinsa kuma da ƙyar ya kai shi kilomita dubu da ɗoriya. Ku raba 11,000 gida 220, za ku samu awa 50, ban da ratse, ban da iska. Ke nan dole a yanka tafiyar zango-zango, kowane zango a san inda za a sauka, a san kuma wani fili na biyu da za a nufa in na farko ya rufe, a bar ragowar mai a tanki saboda ko-ta-kwana. Ni a ganina wanda ya zaɓi ƙaramin jirgi ya fi ƙaruwa. Mai babban jirgi yana can sama da gajimare, ya danna wa na'ura ta tuƙa kanta, ba abin da ya gani sai fari.

Bismillah, mun tashi daga filin Zariya. Da jirgi ya ɗan ɗaga, ga birni nan a ƙasa, zagayen ganuwa yana fitowa a inda gine-gine ba su cinye shi ba, ga fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau, ga tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ga kogin Kubanni yana gangarawa Galma. Cikin ƙasa da awa ɗaya mun isa Kano. A Kano ne jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, a Nuwamban 1925, lokacin da jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka ratso Sudan suka sauka a filin sukuwa. Ke nan hanyar da za mu bi yanzu, su ta nan suka zo.

Daga Kano sai Njamena, kimanin kilomita 700. Daga nan zuwa Khartum ya fi ƙarfin tankinmu, sai mun tsaya Abeshe, mu tsaya Fashir, mu tsaya Ubayyid. Duk dattijon da ke sauraro ya san waɗannan sunaye, domin su ne zangunan kakanninmu da suka tafi Hajji a ƙafa da bisa jaki, suna tafe suna noma suna ƙwadago, wasu su shekara biyar ko fiye kafin su dawo, wasu kuma su zauna can. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan mutanenmu ne suka kafa shi, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Ruwa da abinci ne suka tilasta musu tsayawa a waɗannan garuruwa, mu kuma mai ne ya tilasta mana. A nan ya kamata in tuna muku cewa a cikin kwamfuta ba yaƙi, ba biza, ba izinin ratsa sararin wata ƙasa. A zahiri kuwa, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, jiragen gaske sun riƙa kauce wa wannan hanya. Allah ya kawo musu zaman lafiya.

Daga Khartum sai Fot Sudan, daga nan sai mu tsallaka Bahar Maliya, ruwa na kilomita 300 da 'yan kai, mu sauka Jidda. Mun shiga nahiyar Asiya ke nan. Mutane da yawa in an ce Asiya sai hankalinsu ya tafi Sin da Japan, alhali Makka da Madina ma a Asiya suke. Kuma daga nan wani abu zai juya mana. A Zariya gabas muke fuskanta in za mu yi salla. Da zarar mun wuce Makka muka nausa gaba, alƙibla ta koma bayanmu. Musulmin Pakistan da Indiya da Sin yamma suke fuskanta. Yaro zai iya haddace wannan a aji ya manta, amma wanda ya ga allurar kamfas da taswira a gabansa, ya ga Makka tana komawa baya, ba zai manta ba.

Agogo ma yana canzawa. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Dubai da uku, Pakistan da huɗu, Indiya da huɗu da rabi, Nefal da awa huɗu da minti 45, Sin kuwa da awa bakwai cur. Mai tafiya gabas yana tarar rana ne, saboda haka yininsa gajere ne, azahar da la'asar suna matso masa da wuri. Don kada wannan ya rikita aiki, matuƙa da ma'aikatan hasumiya a duk duniya agogo ɗaya suke bi, na Girinwic, wanda ke bayan namu da awa ɗaya.

Daga Jidda ƙasa tana tashi nan take, duwatsun Hijaz ne, inda garin Ɗa'ifa yake. Bayan su sai hamada har Riyad, har Tekun Fasha. Wannan zango yana koyar da abu guda: zafi abokin gabar jirgi ne. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin riƙewa sosai, inji ma ƙarfinsa yana raguwa. Jirgin da ya tashi cikin sauƙi da asuba, da tsakar rana sai ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Ɗaliban Palladan sun san wannan a watan Afrilu. A Dubai za ka kewaya Burj Khalifa, mai tsawon mita 828, in ka ga dama. Ba za mu daɗe a nan ba. Sai Maskat, sai mu bi gaɓar teku har Karaci.

Ga kogin Indus, ga hamadar Tar, ga Delhi. Nan ma akwai abin da zai tuna maka gida. A watannin Disamba da Janairu, daidai lokacin da hunturu ke rufe Kano da Kaduna har a soke tashin jirage, arewacin Indiya ma yana rufewa, amma nasu hazon na raɓa ne haɗe da hayaƙi. A irin wannan rana matuƙi ba ya ganin titin sauka sai ya kusa taɓa shi. Wata na'ura ce a bakin titin take aiko da saƙon rediyo iri biyu, ɗaya yana ce masa ka yi hagu ko dama, ɗaya yana ce masa ka yi sama da yawa ko ka yi ƙasa. Shi kuma yana bin allurai biyu a gabansa har su haɗu a tsakiya. Idan ya sauko zuwa wani mizani da aka ƙayyade bai ga fitilun titi ba, doka ta ce ya ƙara wuta ya koma sama, ya sake gwadawa ko ya tafi wani fili. Ba abin kunya ba ne a wannan sana'a. Wanda ya nace sai ya sauka shi ake tuhuma. A simileta kana iya saita hazon da hannunka, ka maimaita wannan sauka har allurai su daina yi maka gardama.

In kuma ka zo da damina ne, tsakanin Yuni da Satumba, to ruwan Indiya ba irin namu ba ne wajen yawa. Iskar da ke tasowa daga teku tana tara gizagizai masu tsawon da ya wuce inda manyan jirage ke bi. Ba a ratsa su, kewaye su ake yi, kewayen kuma mai yake ci.

Yanzu mun zo inda na fi son mu daɗe, wato duwatsun Himalaya. Daga Delhi zuwa Katmandu, babban birnin Nefal, kimanin kilomita 800 ne. Kana tafe a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai ka ga wani farin bango ya tokare arewa daga wannan gefe zuwa wancan. A cikinsa ne dutsen Everest yake, mai tsawon mita 8,849, wanda ya fi kowane dutse a duniya. Zariya tana kan tudu ne na mita ɗari shida da wani abu daga teku. Ke nan sai an jera irin tudunmu goma sha uku kafin a kai ƙolinsa. Ƙaramin jirginmu ba zai iya haye shi ba ko kusa, iyakarsa wajen mita 4,000, sai dai ya bi kwari tsakanin duwatsu.

A cikin ɗaya daga waɗannan kwaruruka akwai wani ƙauye, Lukla, da masu hawan Everest ke sauka. Filin jirginsa yana kan mita 2,845, titinsa kuma mita 527 kacal, alhali na manyan filaye yakan haura mita 3,000. An gina shi a 1964, shekarar da aka kafa kwalejinmu, da ƙoƙarin Edmund Hillary, wanda shi da Tenzing Norgay suka fara kaiwa ƙolin Everest a 1953. Titin a jikin gangare yake. Ƙarshensa na sama bangon dutse ne, na ƙasa kuma rami ne mai zurfi. Ana sauka ne ana hawan gangaren don ya taimaka wa birki, a tashi ana gangarowa don jirgi ya samu gudu. Waccan doka ta komawa sama in sauka ba ta yi kyau ba, a nan kusan ba ta aiki, domin dutse ne a gaba. Masu sha'awar simileta a duniya suna ɗaukar Lukla a matsayin jarrabawa, kuma da yawansu sukan fasa jirgi a karon farko. A kwamfuta dariya ake yi a sake. Matuƙan Nefal da ke kai mutane da buhunan abinci can kullum safiya ba su da wannan gata.

Wani zai ce, to me zai hana a haye duwatsun da babban jirgi a miƙe zuwa Sin? Dalili shi ne tudun Tibet da ke bayansu, ƙasa ce mai faɗi wadda yawancinta ta haura mita 4,500. Babban jirgi yana tafiya ne da iskar da aka matsa a cikinsa domin fasinja su yi numfashi. In wannan iska ta zurare, abin rufe hanci da ke faɗowa daga sama na 'yan mintuna ne, dole matuƙi ya sauko da gaggawa zuwa wajen mita 3,000 inda mutum ke iya shaƙa da kansa. A kan Tibet kuwa ƙasar ma ta fi haka tudu. Shi ya sa yawancin jirage ke kewaye wurin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1945, an tilasta wa matuƙa jigilar kaya daga Assam ta Indiya zuwa Kunming ta Sin ta kan gefen waɗannan duwatsu, ɗaruruwan jirage suka salwanta.

Saboda haka mu ma sai mu gangaro kudu. Ga Bangaladesh, inda kogunan Ganges da Brahmaputra ke haɗuwa su bazu kafin su shiga teku, ƙasa kore shar, ruwa ta ko'ina. Sai Myanmar, sai Tailan ko Laos, sai arewacin Biyetnam, sai mu shiga Sin. A nan wani sabon lissafi ya taso. Kusan duk duniya da ƙafa ake auna bisan jirgi, amma a sararin Sin da mita ake aunawa, sai matuƙi ya riƙa juyawa. Daga ƙarshe ga kogin Lu'ulu'u, ga masana'antu ba iyaka, ga Guangzhou, birnin da ake yin babbar kasuwar baje koli sau biyu a shekara tun 1957. Yadin da ke jikinka, da wayar da wataƙila kake sauraronmu da ita, ba mamaki daga wannan yanki suka fito.

Akwai wani ɓangare da ban taɓo ba. Wasu masu wannan sha'awa ba su kaɗai suke tashi ba. Akwai dandali a intanet, irin su VATSIM da IVAO, inda wasu ke zama matuƙa, wasu kuma su zama ma'aikatan hasumiya, ana magana da murya bisa ƙa'idar da ake bi a zahiri. Harshen sararin sama Turanci ne, amma Turanci ne taƙaitacce, mai kalmomi ƙayyadaddu, kuma duk umarnin da aka ba ka sai ka maimaita shi don a tabbatar ka ji daidai. Saurayin da ke jin kunyar buɗe baki a aji zai samu wurin gwaji a nan. Sai dai iyaye su sani baƙi ne a can, a kula da wanda yaro ke hulɗa da shi kamar yadda ake kula a kowane dandali.

Yanzu ga iyakar abin, don kada wani ya ji shirin nan ya ɗauka ya zama kyaftin. Kwamfutar gida ba ta ba da lasisi, awannin da ka yi a kanta kuma ba hukumar da za ta ƙirga maka. Ba ta girgiza ka, ba ta sa cikinka ya juya, ba ta sa maka tsoron da ke zuwa in ka san ranka ne a hannunka. Malaman tuƙi ma sukan yi ƙorafin cewa wanda ya koya shi kaɗai a gida yakan zo da munanan ɗabi'u, musamman ƙura wa agoguna ido a lokacin da ya kamata ya leƙa waje. Sannan tana cin lokaci. Zango ɗaya awa uku ne ko huɗu. Yaron da zai kwana yana ratsa Indiya ya makara sallar asuba, ya yi gyangyaɗi a aji, asara ya yi. Hukuncina dai shi ne, in da takarda da taswira da lissafi a gefe, karatu ne, a ƙarfafa masa. In kuwa tashi ne kawai a yi ta karo da gine-gine ana shewa, to wasa ne kamar sauran wasanni, a sa masa lokaci.

Ga iyaye, in kun ga ɗanku ko 'yarku da wannan sha'awa, ku zauna kusa ku yi tambaya. Daga ina ka taso? Kilomita nawa? Man zai kai ka? Wace ƙasa ce wannan a ƙasa, wane harshe suke yi? In ya iya amsawa, kun san ba a banza yake zaune ba. Ku kuma sani cewa kwalejin nan ba matuƙa kaɗai take horarwa ba. Tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi, da masu kula da na'urorin sadarwa, da ma'aikatan hasumiya masu ba jirage hanya, da masu tsara tafiyar jirgi tun daga ƙasa. Kuɗin koyon tuƙi yana da yawa, ba mai musun wannan, kuma a nan ne ya kamata gwamnatocin jihohi da masu hali su shigo da tallafi. Amma tallafi ba ya samun wanda ba shi da sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da fiziks.

Kirana na ƙarshe ga shugabannin makarantunmu ne, na Alhudahuda da Barewa da sauran sakandaren maza da mata na birni da kewaye, har da Islamiyyu. Ku rubuta wa hukumar kwalejin ku nemi izinin kai ɗalibai ziyara. Daga Ƙofar Doka zuwa Palladan kuɗin mota ɗaya ne. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta kuma, a sa manhajar kyauta a guda ɗaya, malamin labarin ƙasa da na lissafi su haɗa kai su ba kowane aji zango guda, daga Zariya har inda zangon karatu ya ƙare.

A nan za mu dakata.